Lasifikar da Alhaji Ya Kawo daga Makka

Makon jiya wani direban haya ya shigo mini da mota daga Kudan, tun bai kashe ta ba na ji warin. Warin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, in ta ƙone daban yake da na birki, daban da na roba, wanda ya daɗe a aikin nan ba sai an gaya masa ba. Na ce ya buɗe but ɗin bayan motar. Lasifika huɗu manya na tarar a kwance a kan katako, an tattara jajayen wayoyinsu an murɗe wuri guda, baƙaƙen ma haka, an naɗe da ledar burodi, an cusa su duka a bakin wata amfilifaya 'yar mitsitsiya. Na ce wa ya yi maka wannan aika-aika? Ya ce shi da abokinsa ne, a waya suka gani. Na ce to madalla, ka koma wa wayar ta gyara maka.

Ban dai kore shi ba, na gyara. Amma abin ya tsaya mini a wuya, ga shi yau ku samari kun zo kun cika mini benci kuna cewa wai aikin nan ja da baƙi ne kawai, wata biyu ya isa mutum ya ƙware. To bari in ajiye ƙarfen dalma. Ni Haruna, na haura shekara talatin a bakin tashar Makarfi ina sa wa motoci sauti, kuma har gobe ba na haɗa waya sai na auna.

Kowace lasifika tana da abin da ake ce wa om, a bayanta ake rubutawa, galibi huɗu ko takwas. Shi ne gwargwadon yadda take tare wuta. Ita kuma amfilifaya an rubuta a jikinta mafi ƙarancin om ɗin da za ta iya ɗauka. Inda kuke afkawa rami shi ne, a tunaninku in an ƙara lasifika om ma ƙaruwa yake yi. Ina. In ka haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi, raguwa yake yi. Takwas biyu su koma huɗu, huɗu biyu su koma biyu. Duk sanda ya ragu kuma, wutar da ake zuƙa daga amfilifaya ƙaruwa take yi. Kamar ƙaramin janareta ne da maƙwabta suka yi ta jan waya, kowane gida da aka ƙara nauyi ne a kansa. Da farko za ka ji sauti ya tashi, ka yi ta murna kana kaɗa kai. Ita kuwa tana can ƙarƙashin kujera tana dahuwa.

Maigidana da ya koya mini aiki a Zariya, Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa, shekara guda cur bai bar ni na taɓa dalma ba. Mitar awon om kawai ya ba ni. Yakan kankare rubutun bayan tsofaffin lasifiku ya zube mini su a tabarma ya ce in ware. A nan na gane mai takwas ba ta nuna takwas a mita, shida da wani abu take nunawa, mai huɗu kuma uku da 'yan kai. A nan na gane rubutu yana ƙarya, musamman na kayan da ake shigowa da su a buhu. In na kuskure ba ya duka, sai ya sake cakuɗa su ya tafi sallah. Kayan aikina har yau ba su fi na wancan lokacin ba: mita, filaya, sukundireba biyu, ƙarfen dalma, salatif, da ƙaramin batirin tocila da nake ɗana wa lasifika in ga ko gaba take tsalle ko baya. Wanda ya raina su bai taɓa tsayawa gaban mai mota yana kallon hayaƙi yana fita daga ƙarƙashin kujera ba.

Amma lissafin om ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne mutanen da ke kawo aikin, kuma a kan wannan na yi shekarar da ban taɓa yin irinta ba.

Akwai wani bawan Allah, Malam Tanimu mai shela. Ya girme ni da kusan shekara goma. In an yi rasuwa, ko saniya ta ɓata, ko za a yi wa dabbobi allura, shi ke zagayawa da tsohuwar akori-kurarsa yana sanarwa, daga cikin gari har ƙauyuka. Ni na haɗa masa kayansa tun farko: lasifika biyu masu faɗin baki irin na masallaci, kowace om takwas, ɗaya ta kalli gaba ɗaya baya. In an haɗa su sun koma huɗu, amfilifayarsa kuma huɗu take so. Shekara shida bai taɓa dawo mini da ita ba sai dai gaisuwa.

Wata safiya ya faka a gaban shagona. Muka gaisa, ya iyali, ya gajiya, ya kasuwa, ya jikin tsohuwa, har muka ƙare muka sake sabuwa. Na san da magana. Can sai ya buɗe bayan mota ya nuna mini wata lasifika a baƙin akwati, ta kai girman buhun masara.

Ya ce, "Baba Alhaji ne ya kawo mini tsaraba daga Makka."

Baba Alhaji surukinsa ne, uban matarsa, babban dillalin rake. Malam Tanimu ko sunansa ba ya iya faɗa, in ya hango shi daga nesa yake cire takalmi. Na ɗora mita. Uku da 'yan kai, wato om huɗu. Ga ta kuma lasifikar ɗaki ce, ta kiɗa, ba ta jefa murya nesa.

Na ce, "Malam, wannan ba za ta zauna da naka ba. Naka biyu sun riga sun cika mata ciki. In na ƙara wannan ja da ja, om ya koma biyu, amfilifayarka ta tafi. Ka kai ta ɗaki ka riƙa jin karatu."

Ya ce, "Haruna, a kai ya ɗauko ta tun daga can. Ya ce don motar shela ya saya. Kullum yana zaune a ƙofar gida, ta gabansa nake wucewa."

Na ce bari in gwada masa ɗaya hanyar. Na jera ta a layi, wato wuta ta bi ta cikinta sannan ta wuce ga sauran, a haka om ƙaruwa yake yi, babu abin da zai ƙone. Na ba shi makirfo ya yi sallama. Da can in ya yi magana a nan masu lodin rake a ƙarshen tasha sai sun waiwayo. Ran nan ko mai shayin can bai ɗaga kai ba. Akwatin ya shanye rabin ƙarfin yana ta gurnani shi kaɗai.

Malam Tanimu ya miƙo mini makirfo. Sannan ya ce, "To ɗaure ta a sama, a tsakiya, inda zai gani. Ka ja mata waya ta shiga cikin mota, amma kada ka haɗa. Sai dai ka yi mini alkawari, tsakaninka da Allah, ba mai ji daga bakinka. In Baba Alhaji ya ji na ɗora kyautarsa don ado, ban san da idon da zan dube shi ba."

Ni kuma da rashin wayo na ce na yi. Na ɗaure ta, na ja waya mai kyau har ƙarƙashin kujera, na naɗe bakinta da salatif. Aiki ya yi tsaf. Wata huɗu yana yawo da ita, Alhaji yana ɗaga masa hannu yana gaya wa mutane tun da aka sa tasa ake jin shela har fadama.

Alhaji yana da ɗa, Nura, magidanci ne, yana aikin ofis a Ikara, irin mutanen nan da ba abin da ba su sani ba. Ran nan motar tana tsaye ana shela, ya ɗora hannu a jikin akwatin, ya ji ba ya motsi. Ya bi waya, ya bi waya, har ya ci karo da salatif ɗina. Malam Tanimu yana tsaye a wurin, bai hana shi ba. Nura ya ware salatif ya murɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Aka kunna, sauti ya tashi, fiyus ta tsinke. Fiyus ɗin nan fa ita ce ta ƙarshe da ke roƙon a yi haƙuri. Sai ya cire ta ya sa guntun wayar tagulla a gurbinta, wai fiyus ɗin ce ba ta da ƙwari.

Ranar kasuwa aka ba Malam Tanimu cigiyar shanun huɗa guda biyu. Yana tsakiyar kasuwa, ya faɗi kalar na farko, bai kai ga na biyu ba hayaƙi ya turnuƙe motar.

Da yamma sai ga su a tasha, Nura a gaba riƙe da amfilifayar, Malam Tanimu a baya. Direbobi sun cika rumfa. Nura bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. A hankali ya yi magana, yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Malam Haruna, an ba ka amana. Tsoho ya ɗauko abu tun daga ƙasa mai tsarki, ka bar wayarsa a sake ka rufe da salatif, wata huɗu ana yaudararsa. Da aka haɗa kuma aikinka ya kama da wuta. Haka kake yi wa motocin mutane?"

Na buɗe baki. Amsar tana kan harshena, kalma biyar ta isa. Na dubi Malam Tanimu, ya dube ni sau ɗaya ya mayar da kai ƙasa. Na tuna na ambaci sunan Allah. Sai na ce lasifikar ba ta dace da amfilifayar ba ne, na fara bayanin om. Wani direba ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko?" Nan na tsaya.

Ku da kuke ganin aikin nan wasa ne, ku saurara. Mai gyara ba shi da komai sai sunansa. Mai mota ba ya ganin abin da ka yi a bayan dashbod, yarda kawai yake yi. Cikin sati biyu magana ta zaga, wai Haruna yana barin waya a sake ya rufe. Direbobin da na yi wa aiki shekara da shekaru suka koma kai motocinsu Ikara, wasu har Zariya. Wani ya zo ya sa na kwance masa ƙofa huɗu a gabansa don ya ga ko duk a haɗe suke. Wanda ya fi ci mini rai, 'yan kwamitin masallacin unguwarmu suka aiko aka ɗauke amfilifayarsu daga kan teburina, a buɗe, ban gama ba. Na koma gyaran tocila da cajar waya. Da kaka ta yi na rufe shago rabin yini ina yankan rake a gonar yayana, hannun da ya saba da dalma duk ya farfashe.

Haushin Malam Tanimu kuwa, ba na ɓoye muku, na ji shi har wuya. Ya daina bi ta layina. In mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu.

Shi ma fa bai tsira ba. Tunda Nura ya haɗa wayar a gaban jama'a, ba shi da bakin cewa a cire. Ya sayi wata amfilifayar, aka haɗa mata lasifika ukun nan, ta yi sati uku ta ƙone. Ya sake wata, ita ko sati biyu ba ta yi ba. Kowace ta ƙone sai a ce ai tun asali Haruna ne ya lalata wayoyin motar. Ina zaune a shagona ana ƙona kaya da sunana. Daga ƙarshe ya haƙura da na'ura. Sai ya riƙa faka motar, lasifika uku a sama kamar na gaske, ya hau baya ya kafa hannu a baki yana shela da maƙogwaro, a kasuwa, cikin ƙarar babura da injin niƙa. Mutumin da ya ba hamsin baya. Kafin shekara ta zagayo muryarsa ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa.

Wata safiya da hantsi ina kwance wata tocila, sai na ji tsayuwar akori-kura. Ya fito, bai yi doguwar gaisuwa ba. Sai da na matso da kunne sannan na ji abin da yake cewa.

"Baba Alhaji ya cika da asuba. Jana'iza bayan azahar."

Na yi salati, na yi masa gaisuwa. Ya ce masu waya sun ji, amma tsofaffin da suka yi zamani da shi suna cikin rake da fadamu, daga nan har Nasarawan Doya, ba waya ba sabis. In ba a zaga ba za a binne shi ba su sani ba. Shi kuma ga yadda muryarsa ta koma.

Wallahi abin da ya fara zuwa bakina ba mai daɗi ba ne. Shekara guda bai tako shagona ba sai yau da yake da bukata. Amma gawa tana kwance, ba lokacin wannan ba ne. Na ɗauko amfilifayar da nake gwaji da ita a kan tebur, ita kaɗai ta rage mini mai rai.

Na ce, "Malam, om huɗu take ɗauka. Ga akwatin can a sama, a haɗe. In na kunna a haka ba za mu kai gidan mai ba. Ni kuma ba zan sake taɓa wayar nan ba, ko a sake ko a haɗe. Na sha isasshe."

Ya miƙo hannu, na ba shi filaya. Ya taka taya ya hau, da babbar riga da komai, ya datse wayar da kansa, direbobi suna kallo. Na ciro wayar tagullar nan ta Nura na jefar, na sa fiyus ta gaskiya. Na ɗora mita a kan biyun da suka rage, ta nuna abin da ya kamata. Na haɗa. Babu lokacin ɗaure amfilifaya, sai na shiga gaba na riƙe ta a cinya.

Ya kai makirfo bakinsa ya yi salati, da wannan muryar da ni da ke kusa da shi da ƙyar nake ji. Sai ga ta ta fita sama garau, masu lodin rake suka tsaya da ɗauri a kafaɗa. Ya faɗi rasuwar, ya faɗi lokaci da wuri. Ya ce kamar yadda aka saba, duk wanda ya san akwai wani haƙƙi tsakaninsa da mamacin, iyali suna roƙo ya yafe ko ya zo ya faɗa. Na jira ya tada mota. Bai tada ba.

Ya ce, "Jama'ar tasha, akwai wani haƙƙin, amma ba a kan mamaci yake ba, a kaina yake. Lasifikar da aka ce Haruna ya bari a sake, ni na ce ya bari. Ya gaya mini gaskiya tun ranar farko cewa za ta ƙona kaya. Kunyar surukina ta hana ni faɗa, na sa shi ya rantse, na tsaya a nan ana ci masa mutunci ina ji. Shekara guda yana ɗauke da kayan da ba nasa ba. Haruna, ka yafe mini."

Ya miƙo mini makirfo. Na haɗa makirfo ya fi a ƙirga, ban taɓa magana a cikinsa ba sai dai in hura in ji ko yana aiki. Ina jin haushi, ina jin tausayi, ban san wanda ya fi yawa ba. Da ya faɗi wannan shekara guda da ta wuce, da hannuna bai farfashe ba, da shi ma muryarsa tana nan. Na ce, "Na yafe, Malam, duniya da lahira. Tada mota, rana tana yi."

Muka zaga cikin gari, muka ɗauki hanyar ƙauyuka. A kowace mararraba ya tsaya ya faɗa, mutane suna fitowa daga cikin rake da adda a hannu suna salati. Hannuna yana kan amfilifaya, ɗumi kawai take yi. A ƙauye na huɗu ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ya sha ruwa, ya sake gwadawa, babu. Na murɗa ƙarfin har ƙarshe, sai numfashinsa kawai ake ji a sama. Babu om ɗin da zai gyara wannan.

Saura ƙauye uku. Ya dube ni, ya ɗora mini makirfo a kan amfilifayar. Haka muka ƙarasa, yana tuƙi yana motsa leɓe, ni ina karanta bakinsa ina faɗa wa mutane. An cika maƙil a jana'izar, har sahu ya fita titi. Malam Tanimu bai sake yin shela ba.